Ganyen gwaba da gudawa: yadda ake dafa shi da inda ake kuskure

Cikin ganyayyakin da ake sha don gudawa a Zariya, na gwaba yana cikin waɗanda suka samu goyon bayan bincike. Baurin da ake ji a harshe idan an tauna shi daga sinadarin tanin yake, wanda ke ɗaure fatar cikin hanji ya rage ruwan da ke tsiyaya. Akwai kuma sinadarin kwasetin, mai sassauta murɗawar ciki.

A tsinko ganye matasa guda takwas zuwa goma, masu kore sosai, ba waɗanda tsutsa ta huda ba. A guji bishiyar bakin titi irin ta hanyar Kaduna zuwa Kano saboda hayaƙi da ƙura, haka ma lambun da aka yi wa feshi kwanan nan. A wanke, a zuba a ruwa lita ɗaya, idan ya tafaso a rage wuta a bar shi minti 10 tukunya a rufe. A tace. Babba ya sha rabin kofi sau uku a yini, kwana biyu ya isa. Wuce haka kan jawo taurin bayan gida. Abin da ya kwana a zubar, don da zafin bazara nan da nan yake lalacewa.

Tukunyar ƙarfe mai tsatsa takan mayar da ruwan baƙi, domin tanin yana kama ƙarfe. Haka yake yi a cikin ciki, saboda haka mai shan ƙwayar ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe, musamman mai juna biyu, kada ta haɗa ta da ruwan ganyen.

Mai son ajiyewa ya shanya a inuwa inda iska ke kaɗawa, har ganyen ya riƙa karyewa a hannu. Da damina fumfuna ke ɓata shi, kuma wanda ya yi fumfuna ba ya gyaruwa.

Masu cewa "ai an gwada a jami'a" su lura. A ɗakunan bincike irin na tsangayar harhaɗa magunguna ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, garin ganye ake jiƙawa kwanaki a sinadarin itanol ko metanol, a tace, a ƙafar da shi, sannan yawanci a gwada a kan ɓeraye. Ƙarfinsa ba ɗaya ba ne da na tukunya. Metanol kuwa guba ne mai makantarwa, kada a kwaikwaya a gida.

Abin da ke kashe mai gudawa ƙarewar ruwan jiki ne, ganyen gwaba kuma ba ya mayar da shi. Sai ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, sukari ƙaramin cokali shida a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Yaro a ƙara masa ƙwayar zink kwana 10 zuwa 14. Jaririn da bai kai wata shida ba kada a ɗura masa jiƙo, a ci gaba da nono. Idan aka ga jini a bayan gida, ko zawo kamar ruwan shinkafa, ko maɗiga ta faɗa, a wuce asibiti kai tsaye.