Godiya ga waɗanda suka tsaya mana sa'ad da motarmu ta durƙusa

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Mun iso gida lafiya jiya da daddare, ni da uwargida da autanmu, kuma motar nan da ta sa aka yi ta kiraye-kirayen waya ga ta can tsaye daram, kamar ba ita ce ta kwana biyu a karkace ba. Alhamdu lillahi. Mutane da yawa sun tambaye ni abin da ya faru, wasu ma labarin da ya iske su shi ne wai hatsari muka yi. Ba hatsari ba ne, amma saura ƙiris a yi wanda ya fi hatsari muni, shi ya sa na ga gara in rubuta sau ɗaya, in gode wa duk wanda ya cancanta, kowa kuma ya ji daga bakina.

Ga wanda bai san irin motar ba, babbar mota ce mai ɗakin kwana da falo da banɗaki a ciki, nauyinta ya haura tan 13. Ba a kan sifirin ƙarfe take zaune ba. Jakunkunan roba ne cike da iska tsakanin shasi da aksul, su ke ɗauke da ita. In ana tafiya, wasu bawul masu ɗan hannu su ke lura da tsayin motar: ta yi ƙasa su ƙara iska, ta yi sama su rage. In kuwa aka yada zango a wurin da ƙasa ba ta daidaita ba, sai ka danna maɓalli, wata 'yar na'ura mai auna karkata ta karɓi aikin. Ita ke buɗe wasu bawul na lantarki, ta sassauta iskar ɓangaren da ya yi tudu, ta ƙara wa wanda ya yi kwari, har daɓen motar ya miƙe. Akwai kuma ƙaramin kwamfreso mai aiki da batir, wanda ke cike gurbin iska idan injin yana kashe. Shekara huɗu ina danna maɓallin nan ban taɓa tambayar kaina abin da ke faruwa a ƙarƙashi ba.

A daren farko, wajen ƙarfe biyu, uwargida ta tashe ni. "Maigida, gadon nan fa zamewa nake yi." Na ɗauka magagin barci ne, sai na ji ƙofar banɗaki ta buɗe da kanta ta bugi bango. Bayan motar ta hagu ya zauna. Can ƙarƙashi kwamfreson yana ta gurnani, ya tsaya, ya sake tashi. Na tada injin, gejin da ke auna matsin iska ya hau zuwa 120 psi, mota ta miƙe kamar ba a yi ba. Na kashe, muka kwanta. Kafin asuba ta koma gidan jiya, batir kuma ya yi sanyi har fitilun ciki sun dushe.

Karkacewar ba ita ta fi tayar mini da hankali ba, firji ne. Irin wanda ke cikin motarmu ba shi da kwamfreso. Ruwan amoniya ne ke zagayawa a cikin bututu, zafi ya tura shi sama, ya gangaro da nauyinsa. In mota ta karkace da yawa ruwan ba ya gangarowa yadda ya kamata, kuma in aka bar shi yana aiki a haka yana iya lalacewa har abada. Dole na kashe shi, ga maganin uwargida a ciki wanda ba ya son zafi.

A nan godiyata ta farko take. Matar dattijon da ya yada zango kusa da mu ta hango uwargida riƙe da kwalin magani tana waige-waige, ba ta jira an roƙe ta ba, ta ce, "'Yata, kawo nan in sa miki a nawa." Kwana uku tana kawo shi a kan lokaci, ta mayar, ba ta taɓa nuna gajiya ba. Mama, Allah Ya saka miki da alheri, Ya ba ki masu yi miki fiye da haka.

Da gari ya waye na kira wani gareji. Wanda ya ɗauki wayar bai bari na gama bayani ba ya yanke hukunci: na'urar ce ta mutu gaba ɗaya, sai an yi odar sabuwa, in jira mako biyu. Ban yarda ba, amma ni ma abin da na yanke bai fi nasa ba, don na riga na ƙudurta a raina cewa jakar iska ce ta fashe. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Na kaɗa ruwan sabulu a cikin 'yar robar wanki, na ɗauki tocila da sifana, na zagaya ta dama inda motar ta ɗaga akwai sarari, na tura robar ciki, na shimfiɗa kwali, na durƙusa zan shiga.

"Kai! Fito nan!"

Dattijon ne, mijin Mama, yana tahowa da sauri har yana tuntuɓe. Daga baya na ji cewa ya yi shekara sama da talatin yana gyaran manyan motocin dakon kaya kafin ya ajiye aiki. Ya tsaya a kaina yana haki ya ce, "Ɗana, me ke riƙe da motar nan?" Na ce iska. Ya ce, "Iskar da ka kwana kana kukan tana zurarewa? To, ka kashe na'urar?" Na yi shiru, don ban kashe ba.

Muna tsaye muna wannan magana, wallahi ko minti biyar ba a yi ba, sai muka ji ƙas, sannan wani dogon huci. Na'urar ce ta farka, kamar yadda takan farka lokaci-lokaci ta duba ko mota na nan daidai. Ta ga hagu ya yi ƙasa, sai ta yi abin da aka tsara ta ta fara yi, wato sauke ɓangaren da ya yi sama. Ina kallo gefen motar ya sauko a hankali, ba gaggawa, ya danne robar nan. Ta lanƙwashe, ta tsage, ruwan sabulun ya malalo ya jiƙa kwalin da na shimfiɗa, daidai inda ƙirjina zai kasance. Autanmu ya riƙe mini riga yana cewa "Abba, Abba," ni kuwa ƙafafuna suka ƙi ɗaukata, na zauna a ƙasa.

Baba bai yi mini faɗa ba, kuma da ya yi da na ji sauƙi. Cewa kawai ya yi in tashi in kashe na'urar, in zare fiyus ɗinta in sa a aljihu. Ya sa muka tada injin muka ɗaga motar, muka datse tayoyi da katako gaba da baya, ya kawo ƙafafun ƙarfe guda biyu masu ɗaukar nauyin babbar mota, ya kafa su a ƙarƙashin shasi a kan faffaɗan katako. Sai da ya sauke iskar da gangan, ya ga motar ta zauna a kansu ba motsi, sannan ya ce, "To, yanzu shiga." Baba, ba ni da bakin gode maka. Rai na Allah ne, amma kai Ya aiko.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi burge ni, don ni a tunanina gwanin makanike shi ne mai saurin kwance abu. Baba ya fi awa guda bai taɓa sifana ba, tambaya kawai yake yi. Tana zama in ana tafiya? A'a. Ko yaushe gefe ɗaya ne? E, bayan hagu. Ya ce to kada tafiya ta ruɗe ni: muddin injin na aiki, babban kwamfreso na cika tanki, bawul ɗin tsayi kuma na mayar da duk abin da ya zurare, saboda haka yoyo na iya shekara yana ɓoye. Sai an tsaya an kashe injin asiri ke tonuwa.

Muka sake ba jakunkunan iska, ƙafafun ƙarfen na nan a wurinsu, muka bi layi da sabon ruwan sabulu. Jakar da na zarga muka fara wankewa, sama da ƙasa da cikin lanƙwasarta inda roba kan tsattsage in ta tsufa. Ko ƙwayar kumfa ba ta tashi ba. Muka bi tiyo gaɓa-gaɓa, duk mahaɗa lafiya. Har na fara karaya sai ya nuna mini wani dunƙulen ƙarfe a jikin shasi, da bawul shida na lantarki jere a kansa, uku na kowane gefe: na ɗagawa, na saukewa, da na tafiya. Ya ce in shafa sabulu a ƙaramar kafar da iska ke fita in ana sauke mota. Na shafa. Da farko ba komai, sannan wata kumfa ta fara kumbura a hankali kamar ana hura ta da baki, ta kai girman ƙwai, ta fashe, wata ta biyo. Ba wanda ya umarci motar ta sauka, amma iska na fita ta ƙofar sauka.

Duk da haka bai yarda ya ce ya gano ba. Ya sa muka zubar da iskar duka, muka musanya bawul ɗin saukewa na hagu da na dama tare da zobbansu, ya ce in laifinsa ne, gobe dama ce za ta zauna. Muka kwana. Da safe kuwa sai ga dama a ƙasa, hagu tsaye ƙyam. Ban taɓa murnar ganin motata a karkace ba sai ranar.

Da muka sake kwance shi muka duba da kyau, zoben roba ne na ciki, wanda faɗinsa bai kai farcen babban yatsa ba. Ya baje, ya bushe, ga 'yar tsaga a gefe da sai an lanƙwasa shi ake ganinta, kuma mazauninsa duk tsatsa da dauɗa. Baba ya buɗe wani tsohon akwati mai zobba iri-iri, ya gwada uku, na huɗu ya zauna daidai. Wannan shi ne abin da aka ce in jira mako biyu a kansa.

Tsatsar ce ta sa ya dube ni ya ce, "Yaushe rabonka da zubar da ruwan tanki?" Na sunkuyar da kai. Ya ja igiyar bawul ɗin da ke gindin tankin, ruwa ja-ja-ja mai maiƙo ya feso. Iskar da aka matse tana tara raɓa, shi ya sa ake sa mata na'urar busarwa, ita kuma ana sauya cikinta bayan 'yan shekaru. Tun da na sayi motar ban sauya ba. Wannan laifina ne ni kaɗai, kuma tankunan nan su ne dai ke ba birki iska.

Saura kwamfreson da ke gurnani ba ya cika komai. A nan sai godiya ga Yaya, wanda ya kwashe kusan awa guda a waya yana koya mini riƙe mitar awon lantarki. A kan batir, bayan ya cika, ta nuna volt 12.6, a bakin kwamfreso yana aiki da ƙyar ta kai 10. Ya ce, "Bi wayar at ɗinsa, wato wadda ke mayar da wuta ta jikin ƙarfen mota, ka ga inda aka ɗaure ta a jikin shasi." Na same ta ta yi kore shar, noti ya saki. Na goge da samfefa har ƙarfe ya yi ƙyalli, na ɗaure tam, muryar kwamfreson ma ta sauya. Yaya, na san na hana ka barcin rana, a yi mini afuwa.

Autana, kai ka riƙe tocila kwana biyu ba ka yi ƙorafi ba, ko da yake rabin lokacin idona kake haskawa. Uwargida, kin yi haƙuri da gado mai gangara da miji mai taurin kai, kuma ba ki ce "ai na faɗa maka" ba sai sau ɗaya. Duk waɗanda suka kira, da waɗanda suka turo saƙo, da masu addu'a daga nesa, da abokina da ya ce zai taso ya ɗauke mu in abin ya ƙi, mun gode, Allah Ya bar zumunci.

A dare na uku na mayar da fiyus, na danna maɓalli, mota ta daidaita, na ajiye kofin ruwa a kan tebur na yi masa alama. Na tashi sau uku cikin dare ina dubawa, ruwan bai gusa ba, kwamfreso bai yi ko tari ba. Da safe na fita in yi wa Baba albishir, na tarar wurinsu wayam, sun kama hanya tun da duhu. Maganin uwargida na rataye a hannun ƙofarmu cikin jaka da ƙanƙara, a gefe kuma an ƙulle zobban roba guda huɗu a 'yar leda. Ban karɓi lambar wayarsa ba, kullum ina cewa sai mun gama. In Allah Ya sa wannan saƙo ya kai gare ku, Baba da Mama, ku neme mu, akwai godiyar da ba ta rubutuwa.