Abin da Galma da Kubanni suka koya mini game da hasashen ingancin ruwa

Wanda ya daɗe yana auna ruwan kogi a Zariya zai gane cewa lalacewar ruwa iri biyu ce, kuma kowace da lokacinta. Da damina, wadda a nan take kamawa daga Mayu zuwa Oktoba ta kuma fi ƙarfi a Agusta, kogin Galma kan yi jajawur da laka. Da rani kuwa ruwan kan yi garau a ido, amma saboda ya ja baya kuma rana tana shanye shi, gishirin da ke narke a ciki da ragowar takin zamani daga fadamun da ake noman tumatir da albasa sai su taru a ɗan ruwan da ya rage. A zafin Maris da Afrilu gansakuka kan yi yawa a madatsa irin ta Kubanni da ke Samaru, iskar da kifi ke shaƙa a cikin ruwa kuma ta ragu. Tambayar da ta ja ni cikin wannan aiki ita ce ko za a iya sanin tsananin kowace daga cikinsu watanni kafin ta zo.

Dalilin da ya sa ake ganin hakan zai yiwu shi ne teku ba ya sauya zafinsa da gaggawa. Idan tsakiyar tekun Pasifik ya ɗumama fiye da yadda ya saba da kamar rabin digiri ko fiye, ya kuma zauna a haka na watanni, ana kiran yanayin El Nino, kuma an lura cewa sau da yawa yakan zo da ƙarancin ruwan sama a yankin Sahel. Na 1982 zuwa 1983 ya faɗo a cikin shekarun farin da dattawanmu ba su manta ba. Akwai kuma tekun Atilantika: idan ruwan mashigin tekun Gini, da ke kudu da Najeriya, ya yi ɗumi sosai, hadari kan daɗe a kudu, arewa ta samu ƙasa da rabonta. Irin waɗannan alamu na cikin abin da hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, ke dubawa kafin ta fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara.

Darasin da ya fi zauna mini shi ne jimillar ruwan shekara, wadda a Zariya ba ta cika nisa da milimita 1,000 ba, ba ita ce ke yanke hukunci kan ingancin kogi ba. Yadda ruwan ya rarrabu shi ne magana. Bayan wata shida ko bakwai ba ɗigo, ƙasa ta bushe ba ciyawar da za ta riƙe ta, magudanan Sabon Gari da Tudun Wada sun cika da shara, kashin dabbobi ya taru a mashaya. Ruwan farko mai ƙarfi yakan kwashe wannan duka ya zuba a kogi cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma a nan ne laka da ƙwayoyin cuta ke yin tashin da ya fi ba masu tace ruwa wahala. Idan damina ta makara, ko ta fara sannan ta ɗauke na makonni kafin ta dawo da ƙarfi, abin yakan maimaitu. Saboda haka shekara biyu za su iya samun ruwan sama daidai da juna a lissafi, amma ɗaya ta zo da kogi mai sauƙin tacewa, ɗayar kuma ta cinye alif da kulorin ninkin abin da aka tanada. A hasashen NiMet, ni yanzu ranar faɗuwar damina da tsawon ɗaukewar ruwa nake fara dubawa, sannan in waiwayi jimilla.

Ya kamata kuma a faɗi gaskiya cewa alamar Pasifik ba ta da ƙarfi a nan kamar yadda wasu ɗalibai ke zato. Zariya tana tsakani, ba Sahel sosai ba, ba kuma gaɓar teku ba, don haka abin da hasashe ke bayarwa rinjaye ne kawai, ba tabbas ba. Kuma lissafin ba ya tsayawa sai da dogon tarihin awo. Ta fuskar ruwan sama mun yi sa'a, domin tashar binciken aikin gona ta Samaru, wadda aka kafa a 1922, ta daɗe tana rubuta shi. Awon ingancin kogi kuwa galibi na ɗaliban da ke aikin kammala karatu ne, wata shida a nan, shekara ɗaya a can, kowa da wurin da ya ɗebi ruwansa. Ba a gina hasashe a kan irin wannan, musamman da yake gari yana ta faɗaɗa, gonaki suna matsowa bakin ruwa, har abin da mutum ya jawo ya cuɗe da abin da yanayi ya jawo.

Duk da haka rinjayen ma yana da amfani idan aka mai da shi shawarar aiki. Ƙa'idar ruwan sha a Najeriya ba ta yarda duhun ruwa ya wuce 5 ba a ma'aunin NTU, wanda da shi ake auna yadda laka ta dagula ruwa, alhali ruwan kogi a farkon damina kan kai ɗaruruwa. Injiniyan da aka sanar da shi tun Fabrairu cewa akwai yiwuwar damina ta makara ta kuma zo da ƙarfi yana da wata uku na neman kuɗin sinadarai, da yashe tankunan da laka ke kwanciya, da shirya ƙarin awo a makonnin farko na ruwa. Ma'aikatan lafiya ma suna buƙatar wannan labari, domin kwalarar 2021, wadda ta fi tsananta a jihohin arewa, a tsakiyar damina ta kai ƙololuwarta, kuma mutanen ƙauyukan bakin Galma da ke ɗiban ruwa kai tsaye ba su da matatar da za ta tsaya tsakaninsu da kogin.