Obaachan ta miƙa lasisinta

Makona na farko a jihar Akita, can arewacin Japan, abin da ya ɗaure min kai furfura ce a bayan sitiyari. Tsoho tukuf zai wuce ka a 'yar ƙaramar a-kori-kura, da tambari mai ganye huɗu manne a jikinta, alamar direban ya kai shekara 70. Da a Kano ne, irinsa na kan tabarma a ƙofar gida, in fita ta kama jika ya tare masa adaidaita.

To, nan jikan ne babu. Duk sun yi Tokyo da Sendai neman aiki. Kusan mutum 4 cikin 10 a jihar sun kai 65, bas kuwa a ƙauyenmu sai ka ƙirga zuwanta da yatsun hannu guda.

Maƙwabciyata, da nake kira Obaachan, wato kaka, ta haura 80. Tun da ta cika 75 ake gwada ƙwaƙwalwarta kafin a sabunta mata lasisi, tana kuma tsallakewa. Amma tun hatsarin unguwar Ikebukuro ta Tokyo na 2019, da wani ɗan shekara 87 ya banke uwa da 'yarta suka rasu, 'ya'yanta suka sa ta gaba ta waya. Ƙarshe ta kai lasisin ofishin 'yan sanda. Aka ba ta wani kati na ragin kuɗin tasi, ita da asibitinta ke da tafiyar rabin awa. Hunturun nan ƙanƙara ta rufe hanya, na yi sati uku ban ga ƙeyarta ba.

Ni kuma a lokacin na samu nawa lasisin, bayan na faɗi gwaji har sau biyu. Tuƙin hagu ya ba ni wuya. Na ƙwanƙwasa mata ƙofa.

"Obaachan, ran Talata zan shiga gari."

Ta ƙi, don Bajapane ya tsani ɗora wa wani nauyi. Sai a tayi na uku ta sako takalmi.

Kafin nan gaisuwar kai kawai ke haɗa ni da mutanen unguwa. Yanzu kowa ya san sunana, shinkafar yankin mai suna Akitakomachi kuma ba na saye, kyauta ake ba ni. Sai dai fa faɗa: duk muka iso tsallaken layin dogo sai ta buga min cinya, "Tsaya cak, yaro! Duba dama, duba hagu." Jirgin ma sai bayan awa biyu.