Wuyan Riga Mai Ƙaruwa da Raguwa: Yadda Ake Ɗinka Shi

Riga tana iya zama daidai a kafaɗa, daidai a hannu, amma wuya ya hana mai ita sakat. Dalili kuwa wuyan ɗan Adam ba ya tsayawa a awo ɗaya. Yakan ɗan kumbura in zafi ya yi yawa, ƙiba ta zo ta ƙara, ga yadin auduga da ke tsukewa a wankin farko. Shi ya sa nake ganin kuskure ne tela ya yi wa kwala maɓalli ɗaya tal, alhali tun wajen yanka zai iya barin sarari.

A fara da awo. Ka zagaya tef a gindin wuya, ƙasa da maƙogwaro, ka ƙara rabin inci, wato yatsu biyu su shige tsakanin wuya da tef. Ka jiƙa yadin ya bushe, ka goge shi kafin almakashi ya taɓa shi. Wanda ya tsallake wannan, ko awonsa ya yi kyau, bayan wanki biyu kwalar za ta shaƙe mai riga.

Hanyar da ta fi inganci a riga mai kwala ita ce maɓalli biyu. Wajen yanka ƙafar kwala, wato siririn ƙyallen da ke zagaye wuya wanda kwalar ke zaune a kansa, ka tsawaita ɓangaren da maɓalli zai zauna da rabin inci, ka dasa maɓalli na biyu rabin inci daga na farko, a layi ɗaya. Ramin maɓallin kuwa a kwance za a yi shi, domin in a tsaye yake, da wuya ya motsa sai bakin ramin ya wage, maɓalli ya fice. Kada ka wuce rabin incin nan da yawa. In tazarar ta kai inci ɗaya, kunnuwan kwalar za su rabu, gaban rigar ya karkace, kowa ya gane an yi dabara. Kuma gam ɗin da ake mannawa cikin kwala ya kai har ƙarshen wannan ƙarin, in ba haka ba wurin zai lanƙwashe ya yi laushi.

Rigar da aka riga aka ɗinka fa? Ka yanki siririyar roba mai tsawon inci 2, ka ninka ta zama zobe, ka ɗinke bakinta a bayan wani maɓalli irin na rigar. Zoben ya rataya a tsohon maɓalli, sabon ya shiga rami. Tana yin aiki, sai dai dutsen guga mai zafi yana kashe roba, don haka a cire ta kafin guga.

A rigar da ake zurawa ta kai, lissafin na kai ne. Kan babban mutum yakan kai inci 22 zuwa 23, wuyan riga kuwa wajen 16 ko 17. Duk inci ɗaya na tsaga yana ƙara inci 2 a buɗewar, saboda haka tsagar inci 5 da maɓallai uku ta wadatar, mai riga ya ɓalle yadda ya ga dama. Gindin tsagar ne ke fara yagewa, tunda nan ƙarfin ja yake taruwa. A sa ƙyalle a baya, a bi ta kansa da keke sau uku ko huɗu.

Akwai kuma mai zariya, inda ake yi wa wuyan ƙubaka a zura igiya. Yadi marar nauyi yake so, mai kauri dunƙulewa yake yi ya goge fata. Amma kada a kuskura a sa wa rigar ƙaramin yaro igiya a wuya, domin tana iya maƙalewa a wani abu ta shaƙe shi. Tasa rigar, maɓallan latsawa biyu ko uku a kafaɗar hagu sun isa kai ya wuce ba tare da kuka ba.