Injektar hagu ta kama ruwa, alhamdu lillahi

Jama'a, ku taya ni murna. Injektar hagu ta ƙaramin kan jirginmu na tururi (injekta ita ce na'urar da ke tura ruwa cikin tukunyar tururi), wadda ta hana mu sakat a wajen gyare-gyaren gidan tarihin jirgin ƙasa da nake taimakawa a nan Ingila, ta kama ruwa ranar Asabar, kuma ba ta saki ba.

Ga dai halinta a da. A buɗe ruwa, a buɗe tururi, sai ta kama kamar abin kirki, jim kaɗan kuma ta yi tari ta fara watso ruwa da tururi ta bututun rara. Mai duba tukunya ba zai sa hannu ba sai ya ga hanyoyin ba da ruwa biyu suna aiki, kowace da kanta. Da gaskiyarsa: ruwa ya sauka ƙasa da rufin akwatin wuta, toshen dalma da aka sa a rufin don kariya ya narke, an gama tafiyar ranar ke nan, in ma an yi sa'a.

Abin da ke ba ni haushi da wannan na'ura ta Henri Giffard, wadda ya ƙirƙiro a 1858, shi ne ba wani abin da ke juyawa a cikinta balle ka kama shi da laifi. Mazurari uku ne na tagulla a jere. Tururi ya fito da gudu ta na farko, ya haɗu da ruwan sanyi a na biyu ya koma ruwa, na uku ya mayar da gudun nan ƙarfin da zai ture bawul ya shiga tukunya. Ko me ya hana tururin nan komawa ruwa sarai, aiki ya tsaya.

Mun jiƙa mazuraran a asid mai sauƙi har farin ɓawon ruwa ya fita tas. Mun goge bawul ɗin shiga tukunya da man nan mai yashi-yashi, don in yana yoyo tururi kan dawo baya ya dumama injektar, ita kuwa ba ta shiri da zafi. Bakin mazurarin tururi ya ɗan ci, aka ba da aka sassaƙo sabo. Nan ne aljihu ya ji jiki, sama da fam 200 a kan abin da bai kai tsawon yatsa ba, kuma da aka ɗaura shi ba abin da ya sauya. Ranar ko shayi ban tsaya sha ba.

Wani dattijo cikinmu, tsohon makanikin jirgi, shi ya ce mu bar injekta ta huta mu bi bututun da ke kawo mata ruwa. Tamu tana zaune sama da ruwan tanki, sai ta zuƙo. Don haka ko akwai tsaga ba za ka ga ɗigo ba, iska ce ke shiga, kamar mai shan lemo da fasasshen tsinke. Muka kwance bututun, muka toshe baki ɗaya, muka hura masa iska kaɗan, muka shafe shi da ruwan sabulu. Sai ga kumfa ƙanana suna tasowa a wuyan mahaɗin, daidai inda aka yi tsohon liƙi, a gefen da ke fuskantar firam inda ido ba ya kaiwa. Tsagar ko farce ba ta kamawa.

Na gasa jan ƙarfen ya yi laushi, na kankare tsohon liƙin, na sake liƙewa da azurfar liƙi. Wannan aikin hannuna ne, kuma dattijon ya juya shi gaba da baya bai ce komai ba. A wurinsa yabo ke nan. Ku kula da notin: zarensa na Whitworth ne, tsohon ma'aunin Ingila mai kusurwa digiri 55, na zamani kuwa 60 ne. Notin zamani zai hau zagaye ɗaya ko biyu ya ruɗe ku, sannan ya cinye zaren.

Da tururi ya hau muka gwada, ta kama nan take da siririn kukan nan nata, bututun rara a bushe. Muka rufe muka sake buɗewa da ƙarfin tururi ƙasa-ƙasa, ta sake kamawa.

Saura ta dama, wadda ke ƙin aiki in tanki ya sha rana. Wanda ya taɓa fama da ruwan tanki mai ɗumi, musamman ku da ke wuraren zafi, ya faɗa mini dabararsa kafin mai duba tukunya ya zo.