Godiya bayan dawowar ƙanenmu daga Tekun Fasifik

Assalamu alaikum. A madadin mahaifiyarmu Hajiya da dukkan iyalinmu da ke Agege a Legas, ina miƙa godiya ga 'yan uwa da abokan arziki da suka taya mu da addu'a tsawon makonni shida da ƙanenmu ya yi cikin jirgin ruwa na bincike a yammacin Tekun Fasifik, da waɗanda suka halarci walimar dawowarsa ranar Asabar.

Kwanakin ba su zo mana da sauƙi ba, domin tun ranar da Hajiya ta ji cewa duwatsu masu aman wuta na ƙarƙashin teku zai je dubawa barci ya ƙaurace mata, ga shi saƙonsa ba ya isowa sai jefi-jefi. Matan maƙwabta da suka riƙa zama da ita bayan Magariba, Hausawa da Yarbawa, Allah Ya saka muku da alheri.

Godiya ta musamman ga Malam Liman, wanda ya ce kada a tashi sai yaron ya faɗa wa jama'a da Hausa abin da ya kai shi, da Alhajin da ya ba mu aron majigi da janareto. A jikin bangon gidanmu aka haska tsibiran Mariyana, jere kamar baka daga Guwam zuwa arewa. Ƙanenmu ya bayyana cewa a can wani ɓangare na ɓawon ƙasa ke nutsewa ƙarƙashin wani, har ya bar rami mai zurfin kusan mita 11,000, duwatsu kuma su narke a can ciki su taso. Kaɗan ne suka kai sama suka zama tsibirai, sauran suna ɓoye cikin ruwa. Ruwan teku yana ratsa tsaguwar dutse ya yi zafi, sannan ya ɓuɓɓugo ɗauke da ma'adinai, waɗanda ke daskarewa su gina dogayen bututu da zarar sun haɗu da ruwan sanyi. Sai a 1977 masana suka fara ganin irin waɗannan maɓuɓɓugai, kusa da tsibiran Galafagos.

Wurin da kowa ya yi tsit shi ne hoton Daikoku, ɗaya daga cikin duwatsun da ke ɓoye cikin ruwan, inda a 2006 aka ga tafkin narkakkiyar farar wuta a zurfin fiye da mita 400, ga wasu kifaye masu faɗi kamar harshe kwance a kusa da shi. Ya ce a irin wuraren nan ƙananan ƙwayoyin halitta ke sarrafa sinadaran ruwan su zama abinci ba tare da hasken rana ba, jatan lande da kaguwa su rayu a kansu. Na ga Hajiya ta matso da kujerarta tana ta tasbihi, kuma a ganina wannan kaɗai ya biya wahalar taron.

Na gode wa Baba mai sayar da albasa a Mile 12 da ya yi tambayar da ke ran kowa, wato ko akwai irin wannan a ƙarƙashin ruwan Legas. Amsar ita ce gaɓarmu ba ta kan iyakar da ɓawon ƙasa ke nutsewa, don haka babu irin wannan jerin duwatsu a gabanmu.

Malaman Islamiyyar unguwa sun roƙi a maimaita wa ɗalibai bayanin, ya kuma amince. Za mu sanar da ranar bayan sallar Juma'a, in Allah Ya yarda.