Kwanan daji ba sai da tantin waje ba: labarin sana'ata ta ɗinkin tamfol

Ɗinkin tamfol da tanti ita ce sana'ata, a nan cikin birnin Kano. A da aikinmu bai wuce rufin manyan motoci da rumfar biki ba. Yanzu kuwa da yawa daga masu shigowa shagona mutane ne da za su kwana a fili: 'yan agaji masu tafiya wa'azin ƙasa, malamai da za su kai 'yan sikawut sansani, mafarauta, ma'aikatan safiyo, manoman rani da ke tarewa a gona wajen Kura da Kadawa suna gadin tumatir. Ga kuma samarin zamani da ke haɗa kuɗi su tafi bakin madatsar ruwa ta Tiga, ko su nausa Yankari a jihar Bauchi don su yi wanka a ruwan ɗumi na Wikki. Kowannensu da irin buƙatarsa, amma abu ɗaya nake gaya musu: abin da ke hana mutum jiƙewa da dare shi ne yadi mai kyau, ɗinki mai kyau, da iya ɗauri. Idan ka samu waɗannan, ba ka buƙatar tantin da aka yi odarsa daga Turai.

Matsalar ita ce yadi mai kyau ya yi wuyar ganewa, saboda kasuwa ta cika da wata leda mai sheƙi da ake kira tamfol alhali ba tamfol ba ce. Tana nan shuɗiya, tana ɗaukar ido, ga araha. Ka ɗaga ta ka kalli rana ta cikinta, za ka ga haske yana ratsowa ta ƙananan huji. Ka murza gefenta da yatsu biyu, za ka ji fatar saman tana neman rabuwa da zaren ciki. Ranar Kano a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, gasa irin wannan leda take yi har ta riƙa marmashewa a hannu. Wanda ya saya ba zai sani ba sai hadarin farko ya taso. Abin da ke ƙona mini rai shi ne masu ɗinka ta suna kwaikwayon yankanmu da launin gefenmu, mutum ya saya can, ta yage, sannan ya zo yana cewa ai duk masu tamfol haka suke.

Ni a hannun maigidana na koyi aikin, Allah ya jiƙansa da rahama. Ɗinkin tamfol ɗin tirela yake yi, kuma bai yarda yaro ya taɓa keke ba sai ya iya ɗinkin hannu. Basilla ce da zare mai kauri, sai guntun fata da ake ɗaurawa a tafin hannu don tura allura. Kafin ka fara sai ka ja zaren a jikin kakin zuma har ya yi santsi, saboda kakin shi ke toshe hujin da allura ta yi. Idan na gama layi, ba ya duba shi da ido. Sai ya sa mu riƙe tamfol ɗin ta kusurwa huɗu, ya tuttula ruwan buta a kan ɗinkin, ya tsuguna a ƙasa yana jira. Ɗigo ɗaya ya isa ya ce, "Yaro, warware." Idan kuma bai ɗiga ba, sai ya miƙe ya karkaɗe rigarsa ya ce a kawo na gaba. Har gobe da butar nake gwada duk tantin da zai fita daga shagona, kuma a gaban mai shi nake yi.

Sirrin tanti yana wurin haɗin yadi biyu. Mai gaggawa ɗora wannan kan wancan yake yi, ya bi da layi ɗaya, shi ke nan. Mu kuwa sai mun naɗe bakin kowane yadi ya shige cikin ɗan'uwansa, ya zama ninki huɗu, sannan mu bi da layi biyu. Kuma haɗin dole ya kalli ƙasa, na sama ya rufe na ƙasa yadda ake jera kwanon rufi, don ruwa ya gangare ta kansa. Tazarar allura ma da lissafinta. Idan ɗinkin ya yi ƙanana da yawa, ka huda yadin ne kawai, iska na bugawa zai tsage a kan layin. Idan ya yi faɗi, ruwa ya samu hanya. Zare kuma na roba muke sa wa tamfol na roba, domin zaren auduga ruɓewa yake yi idan ya sha damina. Sai kusurwa, inda duk ƙarfin iska ke taruwa. A nan nake ƙara yadi mai kusurwa uku, wani lokaci har da guntun fata daga wajen majema, kafin in buga zoben da igiya za ta shiga. Masu leda a kan ninki ɗaya suke buga zobensu, shi ya sa shi ne farkon abin da ke fita.

To amma ba kowa ke da kuɗin cikakken tanti ba, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa cewa zai iya haɗa nasa ba. Ka samu tamfol mai kyau, mita uku a mita huɗu, ya ishi mutum biyu da kayansu. Ka ɗaura igiya tsakanin bishiya biyu daidai ƙirjinka, ka ja ta sosai, ka yafa tamfol ɗin a kai, ka ja gefe da gefe zuwa ƙasa ka kafe. Idan babu bishiya, sandar gora biyu sun wadatar. Ka juya gefe mai rufi ya fuskanci inda iska ke fitowa. A nan ƙasar hadarin damina daga gabas yake tasowa, iskar hunturu kuma daga arewa maso gabas, don haka duk wanda ya buɗe ƙofar tantinsa gabas ya gayyato ruwa da ƙura da kansa. Kada kuma ka bar tamfol ya yi ciki. Duk inda ya lotsa nan ruwa zai taru, nauyinsa ya ja komai ƙasa.

Turakun da ke zuwa da tantunan kanti siraran waya ne, ƙasar Kano ta rani lanƙwasa su take yi tun bugun farko. Ka je Ƙofar Ruwa ka sayi guntayen rodi, ka kai wa mai walda ya yanka maka kamar tsawon kamu ɗaya da rabi, ya fiƙe baki ɗaya, ya lanƙwasa ɗaya. Waɗannan har jikokinka sai su gada. Wajen bugawa ka karkatar da kan turken ya juya wa tantin baya, kada ka kafa shi a tsaye. Idan wurin yashi ne, kamar bakin ruwa, turke ba ya riƙewa: ka ɗaura igiyar a tsakiyar guntun itace, ka haƙa rami ka binne shi a kwance, ka take.

Akwai dabara guda da nake alfahari da koya wa mutane, kuma kusan kyauta ce. Ka je wajen mai faci ka karɓi tsohon tub na taya, ka yanka shi zobe-zobe, ka sa zobe ɗaya tsakanin kowace igiya da turkenta. Idan iska ta bugo, robar ce za ta miƙe ta dawo, maimakon ƙarfin ya sauka a kan yadi. Manoman da ke kwana a gona su suka fi kowa gode mini a kan wannan. Idan kuma zoben tamfol ya fita kana tsakiyar daji, kada ka huda wani wuri da wuƙa. Ka samu ɗan dutse mai santsi, ka tura shi a cikin yadin ya yi ƙullutu, ka zarga igiya a wuyan ƙullutun ka ja. Zai riƙe har ka dawo gida ka kawo mini gyara.

Shimfiɗar ƙasa ba ta buƙatar kuɗi. Buhunan shinkafa ko na masara, a farke su a haɗe, sai a ɗora tabarma a kai. Sai dai kada gefen shimfiɗar ya leƙo wajen rufin, in ba haka ba ita za ta tara ruwa ta kawo maka har ƙarƙashin bargo. Da damina ka haƙa 'yar hanyar ruwa a kewayen tantin, ka zaɓi tudu, kuma kada ka yarda ka kwana a cikin busasshen rafi komai laushin yashinsa, don ruwan da aka yi a wani gari yana iya isowa cikin dare alhali kai ko yayyafi ba ka gani ba. Takalmi a zazzage shi da safe kafin a sa ƙafa, saboda kunama. Wuri irin dajin Falgore da ke kan hanyar Jos, ba a shigarsa sai da izinin hukuma da sanin halin tsaro, kuma ko ina ne ka sauka, ka fara gaida mai unguwar wurin.

Gidan sauro ba a barinsa a gida, ko da rani ne, muddin kusa da ruwa za a kwana. Nakan ɗinka ƙananan maɗaurai a cikin rufin tantunana don a rataya shi, wanda ya haɗa nasa kuma sai ya rataya a igiyar tsakiya. Masu zuwa bautar ƙasa a sansanin Kusalla da ke Karaye ma sukan biyo su sayi gidan sauro da 'yar jakar ƙugu kafin makonni ukun nan nasu. Abu ɗaya kuma da nake roƙon kowa da girman Allah: kada a shigar da garwashin gawayi cikin tanti a rufe don jin ɗumi, komai tsananin sanyin Disamba da Janairu. Gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, mutum yana barci take ɗauke shi. Ka ƙara bargo, ka sa hula da safa, wuta ta tsaya a waje.

Ruwan sha kuwa, iyayenmu sun riga sun gama mana aikin. Sanyin randa da na salka daga tsatsafowar ruwa ne, iska ta busar da shi ta tafi da zafin. Da wannan hikimar ce Malam Mohammed Bah Abba, malamin makaranta a jihar Jigawa, ya yaɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har aka ba shi lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Matafiyi ba zai ɗauki tukwane ba, amma zai iya naɗe jarkarsa da buhun algarara ko tsohon tawul, ya jiƙa, ya rataye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Ni har riga nake ɗinka wa jarka da yadin auduga mai kauri saboda wannan. Da rani da hunturu ta fi aiki, lokacin da iska ta bushe.

Sauran kayan ƙanana ne. Ashana a zuba ta cikin robar magani mai murfi tare da guntun jikin kwalinta. Auduga da aka shafa wa basilin tana kama wuta nan da nan kuma ta daɗe tana ci, ko itacen da ɗan danshi. Tocila idan aka haska ta a jikin gorar ruwa fara, hasken bajewa yake yi ya cika tanti. Guzuri kuma Bahaushe ba a koya masa: kilishi, dambun nama, ƙuli-ƙuli, garin kwaki, dabino, ga yaji a ƙulle.

Duk wannan bayanin nakan yi wa mutum a tsaye a shago, kyauta, sannan mu zo kan ciniki ya nuna mini hoto a waya. Kwanan baya wani dattijo da zai yi wa 'yan agajinsu sayayya ya dubi tantina ya shafa, ya yaba, sannan ya ce, "Malam, ai na ga irinsa sak a kasuwa, rabin kuɗin nan." Na ce, "Alhaji, Allah ya ƙara girma, launin ne iri ɗaya." Na juya masa cikin ɗinkin ya ga ninkin, na sa shi ya ja kusurwar da iya ƙarfinsa, na ɗauko buta. Ya yi shiru, can ya ce, "To a rage mini albarkacin aikin Allah ne." Na rage abin da zan iya, domin irinsu ba a mayar da su hannu rabbana. Amma akwai ragin da idan na yi, sai dai in rage ninki ko in canja zare, kuma wannan ba zan yi ba. Hausawa sun ce araha ba ta ado, a wannan sana'ar kuwa araha ba ta ko kai wa ƙarshen watan Agusta. Dillalan yadi ma ba su bar mu mun huta ba: a nuna maka samfur mai kauri, a aiko da bandir wanda saman kawai ke da kyau. Shi ya sa yanzu sai an warware mini shi har ƙarshe kafin in biya.

Wanda ya riga ya mallaki tanti ko tamfol, nawa ne ko na wani, kada ya naɗe shi da danshi. A shanya shi a inuwa ya bushe sarai, a kakkaɓe, a ajiye inda ɓera da gara ba za su kai ba. Kada a wanke shi da omo, yana cinye abin da ke hana ruwa shiga. Ruwa zalla da soso sun isa. Zif idan ya fara cijewa, a goga masa kyandir. Mai gyara kuma ya kawo tun cikin watan Afrilu ko farkon Mayu, domin da zarar ruwan farko ya sauka direbobin manyan motoci ke cika mana shago, kuma a lokacin sai mutum ya yi haƙurin bin layi.